Rijiyoyin Noman Rani a Kwarin Haɗeja: Abin da Doka Ta Tanada

Tun bayan gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ambaliyar da ke malale fadamun Haɗeja da Nguru ta ragu. Ita ce kuwa ke ciko ruwan ƙarƙashin ƙasa da manoman rani ke zuƙa da inji. In zuƙa ta rinjayi ciko, rijiya kan ƙafe, kuɗin haƙa da na mai su hau.

Doka mai lamba 101 ta 1993 ta danƙa wa Gwamnatin Tarayya ikon ruwan da jihohi ke tarayya a kansa, na kogi da na ƙarƙashin ƙasa. Ta sahale ɗiba domin gida, dabbobi da ban-ruwan ƙashin kai, amma babbar gona ta kasuwanci sai da lasisi. Ya kamata mai zuba jari ya tantance lasisi da zurfin ruwa kafin sayen inji.