Haƙƙin Reno da Natsuwar Zuciyar Yaro

Malaman fiƙihu ba su taƙaita haƙƙin yaro ga ci da sutura ba, sun keɓe wa reno babi guda domin kiyaye natsuwarsa. A mazhabar Malikiyya, idan aure ya mutu uwa ce mafi cancantar riƙonsa, sannan kakarsa ta wajen uwa, saboda ƙarfin tausayinsu. Manzon Allah (SAW) ya rasa mahaifiyarsa yana ɗan shekara 6, sai kakansa Abdulmuɗɗalibi ya riƙe shi, bayansa kuma baffansa Abu Ɗalibi. Don haka malamai suka ce renon yaron da ba shi da kowa farilla ce ta kifaya: idan kowa ya kau da kai, laifin ya hau kan al'umma baki ɗaya.