Tsokaci A Kan Tsarin Kotunan Nijeriya Da Matsalar Hurumi

A watan Mayun 2024 mutanen Kano suka wayi gari da umarnin kotuna masu karo da juna a kan rikicin masarauta, wani daga Babbar Kotun Tarayya, wani daga Babbar Kotun Jiha, duk a gari guda. Sai da Alƙalin Alƙalan Nijeriya na lokacin, Mai Shari'a Olukayode Ariwoola, ya kira shugabannin kotunan biyu su yi masa bayani. Tun daga lokacin nake jin masu ilimi a cikinmu suna cewa ai kotun tarayya gaba take da ta jiha. Wannan fahimta kuskure ce, shi ya sa na ga ya dace mu waiwayi tsarin.

Tsarin Mulkin 1999 ya ajiye kotunan biyu a mataki ɗaya, babu wadda ake ɗaukaka ƙara zuwa gare ta daga ɗayar. Abin da ya raba su shi ne hurumi. Babbar Kotun Tarayya ta samo asali ne a 1973 a matsayin kotun haraji, aka sauya mata suna a 1979. Sashe na 251 ya keɓe mata batutuwa irin su kuɗin shigar tarayya, kwastan, kamfanoni, jiragen sama da na ruwa, ma'adinai da ƙarar hukumomin gwamnatin tarayya. Sauran rigingimun yau da kullum, kamar na fili, bashi, kisan kai da sarauta, na kotunan jiha ne. A kan haka ne Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ce, a Janairun 2025, kotun tarayya ba ta da hurumi a batun masarautar Kano.

To, mai karatu, daga nan ne tsarin namu ya yi hannun riga da na Amurka da muke cewa mun kwaikwaya. A can kowace jiha tana da kotun ƙolinta, kuma a nan shari'ar da ta shafi dokar jiha zalla ke ƙarewa. Kotun Ƙolin ƙasar mai alƙalai 9 ita ke zaɓen ƙarar da za ta saurara, ba ta ma kaiwa 100 a shekara. Mu kuwa, hukuncin Babbar Kotun Jiha, da na Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'ar Musulunci, da na ta gargajiya, duk suna kwarara ne zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta tarayya da aka kafa a 1976, mai rassa a Kaduna, Kano, Sakkwato, Jos, Yola da sauran garuruwa. Daga nan sai Kotun Ƙoli a Abuja, wadda ta zama matakin ƙarshe tun 1963 da aka daina kai ƙara Ingila. Wato rigimar gonar gado da ta faro daga ƙaramar kotu a ƙauye tana iya bin layi ɗaya da ƙarar zaɓen shugaban ƙasa.

Sai dai layin ba ya tafiya da adalci. Ƙarar zaɓe tana da wa'adi: kwana 180 a kotun farko, kwana 60 a kowane matakin ɗaukaka ƙara. Ta gonar ba ta da shi, don haka jira ya zame mata dole, wani lokaci har mai ita ya riga mu gidan gaskiya, magada su gaji shari'ar kafin su gaji gonar. Ga shi kuma an ƙara wa Kotun Ƙoli ƙarar zaɓen gwamnoni bayan gyaran tsarin mulki na 2010, alhali a da a Kotun Ɗaukaka Ƙara take tsayawa. A ƙarshen 2023 alƙalan kotun sun ragu zuwa 10, sai a Fabrairun 2024 aka rantsar da 11 a rana ɗaya.

Akwai kuma Majalisar Shari'a ta Ƙasa, wadda ke ba da shawarar naɗi da ladabtar da alƙalan manyan kotuna, har da na jihohi. Alƙalin Alƙalai ne shugabanta, kuma shi ke zaɓen mafi yawan mambobinta. Mai Shari'a Musa Dattijo Muhammad ya soki wannan tara iko a hannun mutum ɗaya a jawabinsa na ritaya a Oktoban 2023. Na yarda da shi, ko da yake ina tsoron a ce za a miƙa wa gwamnoni wannan iko, don mun san halinsu.

A nawa ganin, gyaran da ya fi gaggawa shi ne a rage abin da ke isa Kotun Ƙoli. Shari'ar fili, gado da aure ta ƙare a Kotun Ɗaukaka Ƙara, sai fa in ta taɓa fassarar tsarin mulki. Wannan kuwa sai da amincewar kashi biyu bisa uku na Majalisar Tarayya da kuma majalisun jihohi 24.