Yadda Kwamfuta Ta Fara Lissafa Iska

Iska ba ta tsalle. Zafinta da matsinta suna sauyawa ne a hankali, babu tsinkewa, ita kuwa kwamfuta ƙirga kawai ta iya, ɗaya bayan ɗaya. Dabarar da masana suka ɓullo da ita ita ce a tsaga sararin sama gida-gida kamar yadda ake tsaga gona kunya-kunya, a tsaga lokaci shi ma, sannan a lissafa abin da zai faru a kowane gida a taki na gaba. Baturen Ingila Lewis Fry Richardson ya gwada haka da hannu, ya wallafa a 1922. Hasashen awa 6 ya ci masa makonni, kuma ya fito da cewa matsin iska zai tashi da milibar 145, alhali a zahiri kusan bai motsa ba. Ya ƙiyasta cewa sai an tara mutum 64,000 suna lissafi kafin a cim ma yanayin duniya.

An saba cewa na'ura kawai ya rasa. Ban yarda ba. A watan Maris na 1950, a Aberdeen ta jihar Maryland a Amurka, Jule Charney da John von Neumann da abokan aikinsu suka ɗora hasashen yanayi a kan kwamfutar ENIAC, kuma abin da ya fisshe su shi ne sanin abin da za a zubar. Charney ya cire igiyoyin iska masu gudu, irin na sauti, ya riƙe shimfiɗa guda ta sama, ya rufe Arewacin Amurka da gidaje 15 sau 18, tazarar kowanne kilomita 736. Akwai dalili: tun 1928 masana lissafi Courant da Friedrichs da Lewy sun nuna cewa idan takin lokaci ya fi abin da igiya ke buƙata ta ƙetare gida ɗaya, kuskure zai yi ta kumbura har lissafin ya watse. Duk da wannan ragi, na'urar ba ta da wurin ajiya isasshe, sai a huda kati, a fitar, a jera, a mayar, dare da rana. Hasashen awa 24 ya ci kusan awa 24.

Mai musu zai ce ai akwai na'urar da ta fi dacewa, wadda Vannevar Bush ya ƙera a jami'ar MIT a 1931, mai fayafai da sanduna masu juyawa ba tsinkewa, daidai da halin abin da ake aunawa. Gaskiya ne, amma daidaitonta bai wuce ƙwarewar maƙerin da ya goge ƙarfen ba, kuma kowace sabuwar matsala sai an kwance an sake ɗaurawa. A kwamfuta kuwa sai a ƙara lambobi, a matse gidajen. Sukar da ta fi nauyi ita ce abin da Edward Lorenz ya gani a 1961: ya taƙaita lambar da ya ba kwamfuta daga 0.506127 zuwa 0.506, sai hasashen ya bi wata hanya daban. Wannan ya sa wa hasashe iyaka, amma laifin ba na tsagawar ba ne, halin iskar ne, kuma da fayafan ƙarfe ne da an ɗora wa na'urar laifin. Ko ta yaya dai, tun a 1954 Suwidin ta fara hasashen yanayi na aiki da kwamfutarta mai suna BESK, Amurka ta biyo baya a 1955.