Afuwa bayan shekara 88: abin da jikokin fursunonin Montana suka samu

Ran 3 ga watan Mayu na shekara ta 2006, a birnin Helena, babban birnin jahar Montana ta ƙasar Amurka, Gwamna Brian Schweitzer ya sa hannu a kan takardun afuwa ga mutum 78. Babu ko ɗaya daga cikinsu da ke raye a ranar. Ƴaƴansu da jikokinsu ne suka taru domin su karɓi takardun. Mai karatu zai iya tambaya: mene ne amfanin afuwa ga wanda ƙasa ta riga ta rufe wa ido?

Asalin maganar yana cikin yaƙin duniya na farko. A watan Afrilu na 1917 Amurka ta shiga yaƙi da Jamus, alhali kuwa Montana cike take da baƙi ƴan asalin Jamus, manoma da leburori. A watan Fabrairu na 1918 majalisar dokokin jahar ta zartar da dokar hana zuga jama'a, wadda ta ce duk wanda ya aibata gwamnati, ko tuta, ko kakin soja, ana iya ɗaure shi har shekara 20 tare da tarar dala dubu 20. Bayan wata uku majalisar tarayya ta kwafi wannan doka kusan kalma da kalma. Hukumar tsaron jahar kuma ta hana amfani da Jamusanci a makarantu da coci-coci.

Mutum 79 ne kotunan jahar suka kama da laifi, maza 76 da mata 3, kuma 41 daga cikinsu sun shiga gidan kaso na Deer Lodge. Laifin nasu bai wuce fatar baki ba. Ben Kahn, wani ɗan kasuwa mai yawon tallar haja, yana hira da mai otel a garin Red Lodge sai ya ce dokokin tsimin abinci na lokacin yaƙi abin dariya ne. Aka yanke masa ɗaurin shekara bakwai da rabi zuwa 20. Herman Bausch kuwa, manomi ne kusa da Billings, ya ƙi sayen takardun bashin da gwamnati ke sayarwa domin ɗaukar nauyin yaƙi, ya kuma faɗi cewa ba ya goyon bayan yaƙin. Ya yi wata 28 a kaso, ɗansa jariri ya rasu yana tsare.

Bayan yaƙi aka sake su, amma mutum ɗaya tak aka yi wa afuwa a wancan zamani. Sauran suka mutu da sunan masu cin amanar ƙasa. Wasu gidaje sun rasa gonakinsu, wasu yara sun watse a hannun dangi da gidajen marayu. Kunya ta sa iyaye da dama suka binne labarin, har jikoki suka girma ba su san kakansu ya taɓa zaman kaso ba.

Wanda ya tono maganar shi ne Clemens Work, malamin aikin jarida a Jami'ar Montana, cikin littafin da ya wallafa a 2005. Daga nan ɗaliban shari'a na jami'ar suka shiga binciken tsofaffin takardun kotu, suka nemo iyalai, suka kai koke gaban gwamna, wanda shi kansa jikan masu jin Jamusanci ne da suka yi ƙaura daga Rasha.

Ga al'ada, mai laifi ne ke roƙon hukuma. A Helena abin ya juya: gwamna ne ya nemi gafarar iyalan a madadin jahar. Nan ne ma'anar wannan afuwa take. Takarda ba ta mayar da gona ba, ba ta mayar da shekarun da aka ɓata a kaso ba. Abin da ta mayar shi ne suna, wanda Bahaushe ke cewa linzami ne. Jikan da a da yake sunkuyar da kai, yanzu yana da shaida da sa hannun hukuma cewa kakansa bai aikata komai ba sai faɗin ra'ayinsa.

Akwai darasi kuma ga duk mai riƙe da alƙalamin hukuma. Maƙwabta ne suka kai ƙara, alƙalai da ma'aikata ne suka zartar, kowa yana ganin kishin ƙasa yake yi. An yi dokar cikin ƴan kwanaki, saboda tsoro. Wanke waɗanda ta cuta ya ɗauki shekara 88.