Faɗuwar gaba: ƙirga tukuna

Yau maganar faɗuwar gaba za mu yi, wato ka ji zuciyarka na dukan uku-uku alhali kana zaune, ba gudu ka yi ba, ba wanda ya tsorata ka.

Zuciyar babban mutum, in yana hutawa, tana bugawa sau 60 zuwa 100 a minti ɗaya. To kafin ka ce aljanu ne ko sammu, ƙirga tukuna. Ɗora yatsu biyu a wuyan hannunka, ƙasan babban yatsa, ka ƙirga na daƙiƙa 30, ka ninka biyu.

Sau da yawa dalilin a kusa yake: goro, kofi, lemon ƙara kuzarin nan da samari ke ɗirka, zazzaɓi, ko ƙarancin jini.

Amma fa ka lura da tsarin bugun, ba yawansa kaɗai ba. In yana tsalle-tsalle ba tsari, akwai irin da ke sa jini ya daskare cikin zuciya, gudan ya tafi ƙwaƙwalwa ya jawo shanyewar ɓarin jiki. Wannan sai gwajin ECG a asibiti.

In kuwa ya zo da ciwon ƙirji, jiri, suma ko numfashi sama-sama, kar a jira gari ya waye, a tafi asibiti nan take.