Zaɓen Sunan Ɗa Namiji a Gyadi-Gyadi da Tarauni

Gyadi-Gyadi da Tarauni unguwanni ne na wajen ganuwa, kudu maso gabas da birnin Kano, dukansu kuwa cikin Ƙaramar Hukumar Tarauni su ke. Mazaunansu gauraye ne: akwai Kanawan da suka fito daga cikin birni don neman fili, akwai ma'aikata da 'yan kasuwa, akwai kuma baƙi daga wasu garuruwa. Saboda haka wanda ya ke son ya ga yadda Hausawan wannan zamani su ke zaɓa wa ɗa namiji suna, da abin da ya sake, da abin da ya ƙi sakewa, zai sami abin dubawa a nan.

Idan aka haifi yaro, a kan yi masa huɗuba tun da wuri, watau uban ko wani malami ya yi masa kiran salla a kunnen dama, iƙama a na hagu. Sau da yawa a nan ne a ke tsai da sunan, amma a kan ɓoye shi sai ranar suna. Bisa mazhabar Malikiyya, yadda ta zo a Risala ta Ibn Abi Zaid, ba a lissafa ranar haihuwa cikin kwana bakwai ɗin, shi ya sa yaron da aka haifa ran Talata da rana sunansa ya kan faɗo ran Talata mai zuwa. Da sassafe a taru a ƙofar gida, a raba goro, liman ya yi addu'a, a yanka rago, maroƙi ya ɗaga murya ya faɗa wa jama'a sunan, sa'an nan wanzami ya yi aski. Wannan shi ne sunan yanka.

Tushen sunayen yanka na maza ya taho tare da Musulunci. Tarihin Kano ya nuna wannan a jerin sarakuna: na farko su ne su Bagauda da Warisi da Gijimasu, sai a zamanin Yaji, 1349 zuwa 1385, da Wangarawa suka zo, aka sami sarki mai suna Ali, daga bisani kuma Muhammadu Rumfa, 1463 zuwa 1499. Malamai su kan kafa hujja da hadisin da Muslim ya ruwaito, wanda ya nuna fifikon Abdullahi da Abdurrahman a wurin Allah. Duk da haka babu sunan da ya kai Muhammadu yawa, musamman ga ɗan fari. Har a Ingila da Wales ma, lissafin hukuma na shekarar 2023 ya nuna shi ne kan gaba cikin sunayen jarirai maza.

To, yawan Muhammadu a gida ɗaya shi ya haifi wata dabara. Uba mai son dukan 'ya'yansa su ɗauki sunan Annabi sai ya bi su da ƙidaya ta Larabci: Auwalu, Sani, Salisu, Rabi'u, Hamisu, har zuwa Tasi'u da Ashiru. Yau da gobe ƙidayar ta zama suna da kanta, har a kan sami Sani wanda shi ne ɗan fari, domin sunan kawunsa aka maida masa.

Maida suna kuwa shi ne gindin al'amarin. Ba safai uba ya ke zama ya duba littafi ya zaɓi abin da ya yi masa daɗin ji ba. Sunan mahaifinsa, ko na surukinsa, ko na malaminsa, ko na wanda ya riƙe shi, shi ne ya ke jiran yaron tun yana ciki. Wanda aka yi wa takwara ya kan ɗauki abin da girma, wanda aka tsallake kuwa ya kan riƙe a zuci, har ta kai dangin uba da dangin uwa su yi ta ƙorafi shekara da shekaru a kan jaririn da bai san ana yi ba. Sa'an nan ga alkunya. Matar gida ba ta iya kama sunan surukinta, ba ta kuma faɗin sunan ɗanta na fari, sai a laƙaba wa yaron Abba, ko Baba, ko Baffa, a zamanin nan kuma Halifa ko Walidi ko Amir. Wasu sunayen ma da laƙabinsu su ke tafiya: Abubakar shi ne Garba ko Sadiku, Umaru shi ne Sanda ko Faruku, Aliyu Haidar, Ibrahim Halilu, Musa Kallamu, Yusufu Maitama. Usmanu kuwa Shehu ne, don girmama Shehu Usmanu ɗan Fodiyo wanda ya rasu a 1817.

Manyan mutane su ma su kan ja suna ya yaɗu. Sarkin Kano Ado Bayero ya yi shekara 51 a kan gado, daga 1963 zuwa 2014, Ado kuwa Adamu ne a bakin Hausawa. Malam Aminu Kano ya rasu a 1983, ga asibitin koyarwa mai sunansa nan a bakin hanyar Zariya, inda a ke haihuwar da yawa daga cikin yaran waɗannan unguwanni. Bayan kisan Janar Murtala Muhammed ran 13 ga Fabrairu 1976, Murtala ya yawaita ƙwarai a cikin yaran da aka haifa a wannan tsakani. Ɗarika ma tana da nata rabo: gidan Tijjaniyya ba ya rasa Tijjani ko Ibrahim mai laƙabin Inyas, don Shehu Ibrahim na Kaulaha, gidan Ƙadiriyya kuma ba ya rasa Abdulƙadir ko Nasiru.

Amma sunan da ya zo da guguwar labari abin tsoro ne. Lokacin yaƙin Tekun Fasha na 1991 an sami masu sa Saddam, bayan Satumba ta 2001 kuma jaridu suka ba da labarin yadda aka yi ta sa wa jarirai Usama a Kano. Usama tsohon suna ne, na sahabi Usama ɗan Zaidu, babu aibu a jikinsa. Sai dai iyayen da suka sa shi a wannan shekara ba duka ne sahabin su ke nufi ba, yaran kuwa yanzu sun haura ashirin, su ne masu ɗauke da shi a fasfo da takardar neman aiki. Wannan yana cikin dalilan da dattawa su ke fifita suna irin Ibrahim ko Yusufu, wanda ba ya nuna shekarar da aka haifi mai shi, balle ra'ayin ubansa.

Sunayen gargajiya sun ja baya. Ɗanladi da Ɗanjuma da Bala na ranaku, Tanko wanda ya biyo mata, Audi wanda uban ya rasu kafin a haife shi, duk sun fi yawa a bakin tsofaffi. Hasan da Husaini na tagwaye, da Gambo mai bi musu, su ne suka tsaya da ƙafafunsu. A madadin na da, matasan iyaye su kan nemo baƙin sunayen Larabci daga intanet, wani sa'i ba tare da sanin ma'anarsu ba, sai ranar suna liman ya tambayi uban asalin kalmar, a yi tsit.

Akwai kuma wata wahala sabuwa da takarda ta kawo. A da mutum ya kan rayu da suna uku ba wanda ya damu. Yanzu kuwa Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta rubuta Abubakar a takardar haihuwa, malamin firamare ya rubuta Garba, makarantar gaba ta rubuta Sadiq da rubutun Turawa. Tun 2021 hukumar jarrabawar shiga jami'a ta wajabta lambar shaidar ɗan ƙasa, saboda haka yaron da sunayensa suka saɓa sai ya je kotu ya yi rantsuwa cewa duk shi ne, kafin a gyara masa. Wannan ya sa iyaye da yawa su ke tsai da suna ɗaya da rubutu ɗaya tun ranar suna, su bar Abba da Halifa a tsakar gida, inda kakarsa za ta ci gaba da kiransa mijinta.