Abin Da Ke Cinye Kalangun Shata A Faifan CD

Duk wanda ya saba zama da 'yan Arewa mazauna Ikko, ko a Agege, ko Idi-Araba, ko kuwa Sabo ta Badun, ya san ba su rabuwa da waƙar gida. Ko da ya ke yanzu waya ta karɓe kasuwa, har yau akwai direbobi da masu shago da ke sayen faifan CD, ko su kai wa masu tura waƙa a zuba musu. Mutum ya sayi faifai guda mai waƙa ɗari da wani abu, ya sa a mota yana murna. Sai ya ji muryar Alhaji Mamman Shata tana nan, amma kalangu ya zama kamar ana dukan jiƙaƙƙen kwali, 'yan amshi kuwa sai ka ce daga cikin rijiya su ke amsawa. Nan da nan sai ya ɗora wa lasifika laifi, ko ya ce an sayar masa da faifan banza. Sau da yawa kuwa tun kafin waƙar ta hau faifan aka yi mata ɓarnar.

Kamfanonin Philips da Sony ne suka fito da faifan CD a 1982. Yadda ya ke aiki shi ne, na'ura tana auna sauti sau 44,100 a kowane sakan ɗaya, ta rubuta kowane awo da lambobi. Wannan ya sa minti ɗaya na kiɗa ya kan ci wajen megabait 10, faifai mai megabait 700 kuwa minti 80 kaɗai ya ke ɗauka. Ga mawaƙin da ya kan yi rabin awa a kan waƙa guda, ai faifan bai ɗauki kome ba.

Don a rage wannan nauyi ne masana a cibiyar Fraunhofer ta birnin Erlangen a Jamus, cikinsu har da Karlheinz Brandenburg, suka yi shekaru suna neman dabara. Aka amince da tsarin nasu a 1993, aka raɗa masa suna MP3 a 1995. Dabarar ta dogara ne a kan raunin kunnen ɗan Adam. Kowa ya sani in tirela tana wucewa, wanda ke gefenka ya yi raɗa ba za ka ji ba, ko da ya ke ya yi maganar. Haka ya ke a cikin kiɗa: ƙara mai ƙarfi tana danne ƙaramar da ke kusa da ita. To, MP3 sai ta bi waƙar tana tsince abin da ta ga kunne ba zai kama ba, tana zubarwa. A awon da aka fi sani, watau kilobit 128 a sakan, wajen kashi ɗaya cikin 11 na nauyin asali ke saura, faifai guda ya ɗauki fiye da awa 12.

Gaskiya dabara ce mai ban mamaki, kuma in an matse waƙa a kan 256 ko 320, galibin mutane ba su iya rarrabe ta da ta asali. Matsala tana tasowa ne in mai tura waƙa ya so ya cusa awa 25 a faifai ɗaya, ya sauko zuwa 64 ko ƙasa da haka. A nan kam tsintar ta wuce abin da kunne ba ya ji, ta shiga cin naman waƙar. Siraran sautuka na sama su ke fara tafiya, irin su kacau-kacau da ƙarar tsirkiyar kuntigin Ɗan Maraya Jos.

Kalangu shi ya fi shan wuya, kuma da dalili. MP3 tana yanka waƙa gunduwa-gunduwa, wajen 38 a kowane sakan, tana lissafin kowace gunduwa ita kaɗai. Bugun makaɗi a kan fata kuwa abu ne na farat ɗaya, ya fi gunduwar gajarta nesa. In an matse da yawa, sai kuskuren lissafin ya bazu cikin gunduwar, har wani ɗan shuu ya riga bugun fitowa. Bakin bugun ya dakushe ke nan. Kalangu kuwa magana ya ke yi, in bakinsa ya dakushe an rage masa harshe. Muryar mutum ɗaya, kamar ta mai lacca ko mai ba da labari, ta fi jure matsi, shi ya sa faifan magana ya kan fita sarai alhali na kiɗa ya lalace a awo iri ɗaya.

Inda jama'a suka fi ruɗewa shi ne wajen zubawa a faifai. Wasu masu sana'ar su kan ce ai sun mayar da waƙar "odiyo", watau irin faifan nan mai minti 80 da kowace tsohuwar na'ura ke karantawa, saboda haka ta koma garau. Ba ta koma ba. Kwamfuta tana buɗe MP3 ɗin ne ta shimfiɗa shi ya cika wuri, amma abin da aka zubar tun farko ba ta da inda za ta samo shi. Nonon da aka riga aka kaɗe mansa, ko a wace irin ƙwarya aka juye shi, man ba ya dawowa. Haka nan wanda ya ɗauki waƙa mai 64 ya mayar da ita 320, nauyi kawai ya ƙara mata.

Kwafi shi kansa ba ya ɓata kome, kuma a nan faifai ya bambanta da kaset. A zamanin kaset, duk sa'ad da aka juya daga wani zuwa wani sai shuu ta ƙaru. Lambobi kuwa in aka kwafe su yadda su ke, na ɗari daidai ya ke da na fari. Abin da ke ɓarna shi ne sake matsewa. A ɗauki waƙa daga kaset a matse, a zuba a faifan odiyo, wani ya saya ya sake matsewa, wani ya ɗora a YouTube a matse a can, wani kuma ya sauko da ita ya mayar MP3. Kowane zagaye da irin tasa tsintar, a kan abin da aka riga aka tsince.

Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga kiɗan Hausa. Alhaji Musa Ɗanƙwairo ya rasu a 1991, Shata a 1999, Ɗan Maraya a 2015, ba mai sake kiransu su maimaita. Da yawa daga waƙoƙinsu a wurin biki ko a ƙofar fada aka ɗauka da rikoda, kaset ɗin yana hannun mutum ɗaya ko biyu. Abin takaici, wasu da zarar an juya musu a faifai ko memori sai su watsar da kaset ɗin, a ganinsu ya zama tarkace, alhali kuwa shi ne uwa.

Mai irin wannan kaset, in zai kai a juya masa, ya ce a fara ajiye masa a tsarin WAV, wanda ba a zubar da kome a cikinsa, ko FLAC, wanda ya fito a 2001, mai rage nauyi wajen rabi ba tare da ya taɓa sautin ba. Daga wannan ne za a riƙa cire MP3 na mota da na waya. Nauyin fayil ya kan ba da alama: waƙa mai minti 5 a WAV ta kan kai megabait 50, a MP3 mai 128 wajen 5, in kuwa an ga 2 da 'yan kai, an matse ta ainun. Kaset ɗin kuma a sa shi cikin gwangwani mai murfi, nesa da lasifika saboda maganaɗisu, don raɓar Ikko ta kan sa zaren ya yi fumfuna, kamar yadda rana ke cinye faifan da aka bari a gaban gilashin mota.